Kazar da ta je kasuwa kada ta koma akurki

’Yar’uwa mai kiwon kaji a Zango ko Sabonjida ko Lamashegu, da kai ɗan’uwa mai rumfar kaji da zabi a Aboabo, maganar yau taku ce. Da zarar biki ya matso, Sallah ce ko Damba ko Kirsimeti, kaji da zabi sukan yi ta kwararowa Tamale ta kowace kusurwa. Wasu a kwando bayan babur daga ƙauyukan Kumbungu da Tolon, wasu a motokin, babur mai ƙafa uku, daga Savelugu, wasu a saman mota daga Walewale da Bolga. Tsofaffin kajin ƙwai kuma su hauro daga gonakin Kumasi da Dormaa. Ciniki ya yi kyau, Alhamdulillahi. Sai dai hanyar da kaza ke bi ta iso hannunki, ita murar tsuntsaye ke bi.

Tsuntsayen daji masu ƙaura kan shigo da cutar ƙasa, gaskiya ne. Amma daga gari zuwa gari, mu ne ke yi mata dako: a keji, a tafin takalmi, a kiret ɗin ƙwai, a buhun taki. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau’in H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna. Watan bai ƙare ba sai ga ta a Magariya ta Nijar, a Afrilu kuma aka same ta jikin zabi kusa da Wagadugu. Gana ta ga nata a 2007, kusa da Tema, daga nan Sunyani da Aflao. Ta dawo a 2015, ta sake dawowa a Yulin 2021, har gwamnati ta hana jigilar kaji daga yankunan da abin ya shafa. A farkon 2022 Burkina Faso ta ba da sanarwar asarar kaji kimanin 500,000. Daga Tamale zuwa kan iyakar Paga kuwa kilomita 200 ne ko kusa da haka, tafiyar da mota ke yi tsakanin asuba da hantsi.

Ga abin yi, tun daga gobe da safe.

1. Ki duba kafin ki watsa hatsi

Ki buɗe akurki, ki tsaya minti biyar kina kallo. Lafiyayyar kaza rige-rigen fita take yi. Wadda ta tsaya a lungu ta takure, gashi a tashe, ido a lumshe, ita za ki sa wa ido.

Alamomin da za su sa ki tashi tsaye: fuska da kai sun kumbura, zanko ya koma shuɗi-shuɗi ko baƙi, jini ya kwanta a fatar ƙafa kamar an buge ta, zawo kore, numfashi da kyar, ƙwai ya ragu farat ɗaya ko ya zo da ɓawo mai taushi. Babbar alama kuma ita ce mutuwar ba-zata. Jiya da magariba lafiya lau, yau da safe biyar a kwance, da la’asar goma.

Ki ƙirga su kullum, ki rubuta a bayan kalanda. Wanda bai san adadin kajinsa ba, ba zai san ranar da suka fara raguwa ba.

2. Hanyar kaza ɗaya ce: gida, kasuwa, tukunya

In za ki riƙe abu ɗaya daga shawarar nan, wannan ne. Kazar da ta yini a kasuwa ta haɗa numfashi da kajin ƙauyuka goma. Ta taka kashinsu, ta sha ruwa a gwangwani ɗaya da su, hannu ashirin sun ɗaga ta suna jin nauyinta, kowane hannu kuma daga jikin wata kazar ya taso. In ba ta sayu ba kika dawo da ita kika saka cikin ’yan’uwanta, kasuwar gaba ɗaya kika kwaso kika zuba a akurkinki.

Saboda haka ki kai iya abin da kika san zai sayu. Gara ki kai uku ki dawo hannu wofi da ki kai takwas ki dawo da biyar.

In yamma ta yi saura ɗaya ko biyu, ki rage sidi biyar ko goma ki sallama. Na san da zafi. Amma ki kwatanta sidi goma da kaji talatin da ke jiran ki a gida.

In kuma ciniki ya ƙi sam, lafiyayyar kaza ce, a yanka a yi miya da ita a daren. Ba ki son yankawa? To ta kwana a keji daban, can nesa da sauran, ta bi ƙa’idar baƙuwar kaza da ke tafe.

3. Baƙuwar kaza sai ta yi mako biyu a keɓe

Duk tsuntsun da ya shigo gidanki daga waje baƙo ne, ko saye ne ko kyauta. Zabon da surukai suka aiko daga ƙauye, zakaran da aka kawo wa mai jego, talotalon da maigida ya tsinto da araha a hanyar Yendi, duk hukuncinsu ɗaya. Kwana 14 aƙalla a keɓe. In kin iya kai wa mako uku, ya fi.

Keɓewa ba ita ce ki ɗaure ta a gindin bishiya sauran kaji suna zagaye ta ba. Keji daban, kwanon ruwa daban, kwanon abinci daban, a wurin da kajinki ba sa zuwa. Ki fara ba kajin gida abinci, ki ƙare da baƙuwar, sannan ki wanke hannu da sabulu.

Aron zakara don ya hau kajin maƙwabta kuwa, a dakata da shi duk lokacin da aka ji labarin cuta a gari. Zumunci ba zai lalace don wannan ba.

4. Ki ji tsoron kaza mai araha

Araha ba ta ado. Idan mai gona ya ga kajinsa sun fara zubewa, abin da zuciya ke raya masa shi ne ya kwashe masu sauran numfashi ya kai kasuwa tun kafin labari ya fita. Shi ya sa in kika ga an sauke kaji jibgi guda ana sayarwa rabin kuɗi, mai su yana ta duba hanya, ki wuce abinki.

In za ki saya, ki sa a ajiye ta ƙasa ki ga tsayuwarta. Ki duba ido, hanci, zanko da ƙafa. Ki ɗaga wutsiya ki ga ko zawo ya ɓata gashin wurin. Ki leƙa kejin da aka ciro ta: in akwai ɗaya a kwance a ciki, ko da wadda aka miƙo miki tana ta cara, ki bar su duka.

Ki tambaya daga wane gari aka kawo su. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

5. Agwagi daban, kaji daban

Agwagwa na iya ɗauke da cutar tana yawonta garau, tana zubar da ita a kashi da ruwan da take wanka, kaza ta sha ta mutu. Kada su haɗa wurin kwana, kada su haɗa ruwa. In gidanku kusa da dam yake ko fadama, inda tsuntsayen ruwa ke sauka, ki hana kajinki zuwa can, ki ba su ruwan da ku kanku kuke sha.

6. Silifa, keji da kiret

Ƙwayar cutar nan a kashin kaji ta fi zama. A yanayin zafi takan yi kwanaki da rai, a wuri mai sanyi da laima kuma ta yi makonni. Ɗan abin da ya maƙale a tafin takalminki daga layin ’yan kaji ya isa.

Ki ware silifa ɗaya ta shiga wurin kaji, ta zauna a bakin ƙofar. Takalmin kasuwa ya tsaya waje.

Kejin da ya je kasuwa a wanke shi kafin ya shiga gida, kuma wankin mataki biyu ne. Da fari a kankare kashin da buroshi da ruwan Omo. Bayan nan a zuba ruwan Parazone, kofi ɗaya cikin kofi tara na ruwa, a bar shi minti goma, a shanya a rana. In kika zuba Parazone a kan kashi ba ki kankare ba, kin yi asarar kuɗinki ne kawai, don datti na kashe ƙarfinsa. Ki riƙa haɗa sabo kullum, kada kuma ki gauraya shi da wani maganin.

Kwandon kaba da kejin katako sun fi wuyar wankuwa. In hali ya samu, ki koma na roba ko na waya.

Kiret ɗin ƙwai na kwali shi ne wanda kowa ke mantawa. Yau yana gonar wani, gobe yana shagon mai shayi, jibi yana gonarki. Ba ya wankuwa. In kina sayar da ƙwai, mai saye ya tsaya a ƙofa ki juye masa cikin nasa, kiret ɗinsa kada ya ƙetare zaure.

7. Kai kuma mai rumfa

Ɗan’uwa, kai ne a tsakiyar al’amarin, don a hannunka kajin kowa ke haɗuwa. Kasuwannin ƙasar Dagomba kwana shida-shida suke juyawa. Yau kana wannan, gobe kana waccan, keji ɗaya, babur ɗaya. Ragowar kajin kasuwar jiya ka ɗora musu sababbin yau, ragowar yau ka ɗora musu na gobe. Ta haka cuta ke samun gidan zama a rumfa: tsofaffi su ba sababbi, kejin bai taɓa zama fanko ba balle ta yanke.

Gyaran ba shi da tsada. Kayan kowace rana kejinsu daban. Ka sayar da na jiya kafin ka taɓa na yau.

Ka ware yini ɗaya a kowane zagayen kasuwa da rumfarka za ta kwana ba tsuntsu ko ɗaya. A share, a kankare, a wanke, rana ta gasa wurin. In ku duka ’yan layin kuka yarda da rana guda, amfanin ya ninka, don ba ma’ana ka wanke taka ta maƙwabcinka tana malalo maka ruwa. Wannan magana ce ta shugaban ’yan kaji, ka kai masa ita a zamanku na gaba.

Ba sabon abu ba ne. A Hong Kong, bayan cutar ta kama mutum 18 ta kashe 6 a 1997, sai da aka hallaka kajin garin baki ɗaya. Daga baya suka kafa ranakun hutun kasuwa, tun 2008 kuma ba a barin kaza mai rai ta kwana a rumfar ’yan kiri. A Najeriya ma, da cutar ta dawo a Janairun 2015, kasuwannin kaji na Kano da Legas na cikin wuraren da aka fara ganin ta.

In ka je saye ƙauye ko gona, ka tsaya a waje a fito maka da su. Kada ka shiga ɗakin kajin mutane da takalmin da ka yi yawon gida biyar da shi. Kada ka ɗora keji bisa keji ba tare da faranti ko buhu a tsakani ba, don na sama kashi suke yi wa na ƙasa a kai.

Kajin gidanka kuma su yi nesa da kayan sayarwa. Ka dawo, ka sake tufa, ka wanke hannu da ƙafa, sannan ka leƙa su.

8. Wurin yanka da figa

Nan ne cutar ta fi samun hanyar shiga jikin mutum: jini, gashi mai tashi, kayan ciki. Wurin yanka ya yi nesa da inda masu rai suke. A tsoma kaza a ruwan zafi kafin a fige, gashin ba zai tashi ya shiga hanci ba.

Gashi da hanji a tara a bokiti mai murfi, a binne ko a ƙone. Kada a watsa a kwata, kada a jefa wa kare ko kyanwa. Ungulu ma ba ta tsira ba, an sami cutar a jikin ungulaye a Burkina Faso a 2006, kuma kin san inda suke sauka su yi kalaci.

Yaran da ke figa a kasuwa don ’yan kuɗin kashewa, a ba su sabulu da ruwa, a hana su cin abinci a wurin. Mai rauni a hannu ya haƙura da aikin sai ya warke.

9. Takin kaji

Masu lambu a Gumbihini da manoman masara suna neman takin kaji ido rufe, kuɗi ne mai kyau. Amma ɗanyen taki daga gonar da ba ki sani ba kada ya sauka inda kajinki ke tono. A tara shi wuri ɗaya, a yayyafa ruwa, a rufe da leda ya yi zafi ya ruɓe na wasu makonni kafin a kai gona. Takin gidan da kaji suka mutu kuwa ba na sayarwa ba ne, ko nawa aka taya.

10. In mutuwa ta fara

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane tsada. Kaza ta fara layi, sai a ce a yi maza a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Wanda ya riƙe, da wanda ya yanka, da wadda ta fige, duk sun yi wanka da ita. Kazar da ba ta da lafiya ba a yanka ta, ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita.

Ki rufe sauran a inda suke. Ba mai shiga, ba mai fita: kaza, ƙwai, taki, keji, duk su tsaya.

Kada ki ɗauki matacciya da hannu tsirara. Ki sa hannu cikin leda, ki rufe hanci da baki da takunkumi ko gyale, ki saka ta a leda biyu ki ɗaure, ki ajiye inda yaro da kare ba za su kai ba.

Ki kira ofishin likitocin dabbobi a ranar, ba sai gobe ba. Suna ƙarƙashin ma’aikatar abinci da noma, suna da ma’aikata a Tamale da gundumomin kewaye, ga kuma babban ɗakin gwajin dabbobi a Pong-Tamale, gaba da Savelugu a hanyar Bolga. In ba ki da lambarsu, asambiliman ɗin unguwarku ko malamin gona zai haɗa ki da su. Kada ki ɗauki gawar ki shiga motar haya da ita, su za su zo su ɗauki abin gwaji.

Sauran gawarwakin, in sun ba da izini, a haƙa rami mai zurfi, ya wuce mita ɗaya, nesa da rijiya. A zuba, a rufe da ƙasa, a danne da duwatsu. Ba a jefawa a bola ko a bayan gari.

Na san abin da ke hana mutane kira: tsoron a zo a kashe sauran. Haka ne, in gwaji ya tabbatar, hanyar da hukuma ke bi ke nan. Diyya kuma takan yi jinkiri, masu gonaki sun sha kokawa a kan haka. Amma ki lura da abu biyu. Mai tsananin nau’in cutar nan in ya shiga garke, da wuya ya bar na kirki, kin kira ko ba ki kira ba. Diyya kuma, in za a biya, kan kajin da jami’ai suka ƙirga da idonsu ake lissafa ta. Wanda ya ɓoye ya rasa kaji, ya rasa diyya, ya kuma jawo wa layinsu gaba ɗaya. Ki ɗauki hoto da wayarki, ki rubuta adadi da kwanan wata, ki karɓi takarda daga hannun jami’in da ya zo.

Ki gaya wa maƙwabta su kulle nasu. Ba abin kunya ba ne.

11. Kapso da barkono ba sa maganin ta

Ja-da-rawayan kapson da ake farkewa a ruwan kaji, da barkono, da ɓawon maɗaci, ba ɗaya da ke taɓa murar tsuntsaye. Kwana ukun da za ki ɓata kina gwada su, cutar ta gama zagaye unguwa.

Akwai dai wata cutar da ke kama da ita ƙwarai, wadda ke share kajin gida duk hunturu, likitoci na ce mata Niyukasil. Ido ba ya bambance su, sai gwaji. Ita tana da rigakafi mai sauƙin kuɗi, I-2, ɗigo ɗaya a idon kaza, ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu. Ki yi wa kajinki kafin iskar hunturu ta kaɗa. Ba zai kare su daga murar tsuntsaye ba, amma in kajin da aka yi wa ɗigo suka fara zubewa, kin san lallai abin na kiran likita ne da gaggawa.

12. Lafiyarki da ta yara

Ba kasafai cutar ke kama mutum ba, amma in ta kama ba ta wasa. Daga 2003 zuwa yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga sama da mutum 800 da H5N1 ta kama, kusan rabinsu sun rasu. A Legas ta kashe wata matashiya a Janairun 2007.

Kaji kada su kwana ɗaki ɗaya da mutane, ko a ƙarƙashin gado ko a madafa. Yara su daina wasa da ’yan tsaki marasa lafiya, su ne suka fi son ɗaukar wanda ya kasa gudu.

Nama da ƙwai na lafiyayyun kaji, ki ci abinki. Zafin digiri 70 yana kashe ƙwayar cutar. A dafa har cikin ƙashi ba ja, ƙwai kuma gwaiduwar ta daskare. Mai son gasasshen zabo da yaji a bakin titi ya tsaga cinyar ya duba kafin ya kai baki. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama a wanke da sabulu kafin su taɓa salak ko tumatir.

In wani a gidan ya taɓa kajin da suka mutu, cikin kwana goma kuma ya fara zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro ko jan ido, a tafi asibiti a ranar. Ki buɗe baki ki gaya wa likita cewa kajinku sun mutu, kada a ɗauka maleriya ce a sallame ku. Akwai maganin da ake bayarwa, ya kuma fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko.

Yau kafin ki kwanta, ki nemi lambar malamin dabbobin yankinku ki adana a waya, ki ba maigida da babban yaronki su ma su adana. Gobe in kin shiga Aboabo, ki sayo silifar wurin kaji da kwalbar Parazone guda.